Jarirai a Filin Lilo: Daga Coney Island Zuwa Disneyland

Cikin talatainin daren 27 ga Mayun 1911, saura 'yan sa'o'i a buɗe kakar wasa ta shekarar, gobara ta tashi a Dreamland, ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa uku na Coney Island da ke bakin teku a birnin New York. Ma'aikata ne ke toshe yoyo da narkakkiyar kwalta a wani wasan kwale-kwale mai suna Hell Gate, sai ƙwayayen lantarki suka fashe, bokitin kwalta ya kife. Gine-ginen wurin katako ne da filasta da fenti, ga iskar teku, ga ruwan 'yan kwana-kwana ba ƙarfi. Kafin gari ya waye komai ya zama toka, har da namun dawa masu yawa da suka ƙone cikin kejinsu. Amma abin da ya fi tayar wa jama'a hankali a daren nan wani ɗan gini ne da ke ɗauke da jarirai bakwaini kwance cikin kwalabe. Ma'aikatan jinya suka nannaɗe su cikin barguna suka fice da su a guje, kuma ko ɗaya bai salwanta ba.

Me bakwaini ke yi a filin lilo? Amsar ta faro ne daga Paris. A wajajen 1880 wani likitan haihuwa, Stéphane Tarnier, ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan namun dajin birnin, ya sa aka ƙera masa irinsa domin ɗumama jariran da suka zo kafin lokaci. Dabarar ta yi aiki, mace-macen bakwaini sun ragu a asibitinsa, amma asibitocin sauran ƙasashe ba su rungume ta da wuri ba. Na'urar na da tsada, tana bukatar mai kula dare da rana, kuma likitoci da yawa a zamanin sun ɗauki bakwaini a matsayin wanda ba ya da rabon rayuwa. Sai kwalbar ta ɓulla ta wata ƙofa: manyan bukukuwan baje koli. An nuna ta da jarirai masu rai a ciki a Berlin a 1896, a Landan a 1897, sannan a Amurka, a Omaha a 1898 da Buffalo a 1901.

Mutumin da sunansa ya manne da wannan sana'a shi ne Martin Couney, baƙon da aka haifa a wani gari da yanzu ke cikin ƙasar Poland. Ya kafa shagonsa a Luna Park na Coney Island a 1903, ya yi shekara 40 yana wannan aiki. Mai kallo zai biya senti 25 ya shiga, ya bi bayan wani shingen ƙarfe yana leƙen jarirai ta gilashi, mai jawabi na bayyana masa yadda ake ciyar da su. Iyayen jariran kuwa ko kwabo ba sa biya, alhali kula da kowane ɗaya kan ci kusan dala 15 a rana, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Couney ba ya tambayar launin fata ko aljihu, a lokacin da wariya ta yi katutu a Amurka. Ɗakunan nasa tsaf-tsaf suke. Ya ɗauki matan da ke shayar da jariran da nononsu, ya ajiye masu dafa musu abinci, ya hana su taba da giya da ciye-ciyen bakin titi, wadda duk ta karya doka ta rasa aikinta. 'Yarsa ta cikinsa ma, Hildegarde, bakwaini ce da aka haifa a 1907, ta kwanta a kwalbar mahaifinta, ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wurin.

Masu bincike na baya ba su sami shaidar cewa ya taɓa kammala karatun likita ba, duk da kowa likita yake ce masa. Ƙungiyoyin kare yara sun sha neman a rufe shi. Kuma suna da hujja, domin a baje kolin St. Louis na 1904 wasu masu kwaikwayonsa sun buɗe irin wannan shago ba tare da tsafta ba, gudawa ta shiga, jarirai da yawa suka mutu. Zuciya ba ta kwanciya da sayar da kallon ɗan mutum yana fafutukar numfashi. Sai dai mafi yawan laifin na wuyan asibitocin da suka rufe ƙofarsu, har uba ya rasa inda zai nufa da ɗansa cikin kwando in ba filin wasa ba. A lissafin Couney, jarirai kusan 8,000 suka ratsa hannunsa, 6,500 suka rayu. Ya rufe shagon a 1943, bayan wani babban asibitin New York ya buɗe sashen bakwaini nasa, ya rasu a 1950 ba shi da wata dukiya.

A duk tsawon waɗannan shekaru, jariri a Coney Island abin kallo ne. Ba wanda ya gina wurin da tunanin mai jego za ta zo yawo da ɗanta. Steeplechase Park da George Tilyou ya buɗe a 1897 ya yi suna ne da wasannin da ke watsa samari da 'yan mata a kan juna, da bututun iska da ke ɗaga siket ɗin mace jama'a na shewa. Ga mashaya, ga 'yan caca, ga masu yankan aljihu. Da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa can a 1920, a kan senti biyar kacal, ranar Lahadi mai zafi takan tara mutum kusan miliyan guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin waɗannan wurare suka fara lalacewa a faɗin ƙasar, fenti ya kwaile, shara ta taru, iyalai masu hali suka ja jiki.

Walt Disney ya sha ba da labarin inda tunanin nasa wurin ya samo asali. Ranar Asabar yakan ɗauki 'ya'yansa mata biyu, Diane da Sharon, ya kai su lilon dawaki da ke Griffith Park a Los Angeles, su hau, shi kuma ya zauna a benci yana cin gyaɗa. A nan ya fara tunanin cewa ya kamata a samu wurin da iyaye da 'ya'ya za su ji daɗi tare, maimakon uba ya zama mai gadi. Da ya faɗa wa matarsa Lillian, ta tambaye shi me zai kai shi sana'ar da aka sani da ƙazanta, ya ce ai nasa ba zai yi ƙazanta ba. A 1951 ya ziyarci lambun Tivoli na birnin Copenhagen, wanda ke buɗe tun 1843, ya ga furanni da fitilu da tsafta, ya ga tsofaffi da ƙananan yara na yawo hankali kwance, ya riƙa rubuta abin da ya gani.

Lokaci ya yi masa daidai. Sojoji sun dawo daga yaƙi sun yi aure, haihuwa ta ɓarke, har daga 1954 zuwa 1964 ana haifar jarirai fiye da miliyan huɗu kowace shekara a Amurka. Iyalai sun ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, kusan kowane gida da mota. Gidan da ke da ɗan shekara takwas da 'yar shekara biyar, da wuya a rasa na goye a ciki, kuma ba kowa ke da kaka a kusa da zai bar wa shi ba. Duk mai son kuɗin babban yaro dole ya yi wa ƙaramin tanadi.

An buɗe Disneyland ranar 17 ga Yulin 1955 a Anaheim ta jihar Kalifoniya, a kan eka 160 da a da gonakin lemu ne, bayan an kashe dala miliyan 17. Ranar ba ta yi wa mai jego daɗi ba ko kaɗan. An buga tikitin jabu, mutum kusan 28,000 suka cika wurin, ninkin waɗanda aka gayyata. Zafi ya kai maki 38, sabuwar kwalta ta yi laushi tana riƙe dunduniyar takalman mata. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki kafin buɗewa, aka ba Disney zaɓi tsakanin kammala ban-ɗaki ko famfunan shan ruwa, ya zaɓi ban-ɗaki, jama'a suka wuni da ƙishi. Abinci ya ƙare a shaguna. Amma ginshiƙan da ya kafa sun tsaya: ƙofar shiga guda ɗaya tak, ba a sayar wa jama'a giya (har zuwa 2019), masu shara na zagayawa ba tsayawa, hanyoyi shimfiɗaɗɗu da keken jariri zai bi ba tare da matakala ba.

Shekara biyu bayan haka, a 1957, aka buɗe wani ɗan ɗaki a ƙarshen titin Main Street na Disneyland, wanda a tarihin wannan al'ada ya fi kowane lilo muhimmanci. Ɗakin kula da jarirai ne, kyauta, da teburan sauya kunzugu, da kujerun ciyarwa, da wurin ɗumama madara, da 'yan ƙananan masai daidai tsayin yaron da ake koya wa zama, da mata masu tarbar baƙi. Kamfanin Mead Johnson ne ya ɗauki nauyinsa da sunan Pablum, garin kunun jarirai da likitocin yara na birnin Toronto suka haɗa a farkon shekarun 1930. Daga baya wasu kamfanonin abincin jarirai irin su Gerber da Carnation suka karɓa. Ciniki ne, ba shakka: kamfani ya samu uwa a zaune, a gajiye, tana kallon sunan hajarsa a bango. Amma matar da ta taɓa neman inda za ta kwantar da jariri mai kuka cikin dubban mutane ta san darajar ɗaki mai sanyi da ƙofa. Har yau ɗakin na nan a gurbinsa, da hoton Walt Disney yana jariri rataye a ciki, kuma kowane wurin shaƙatawa da kamfanin ya gina daga baya, daga na Fulorida a 1971 zuwa na Shanghai a 2016, sai da aka yi masa irinsa.

Ɗaki kaɗai bai isa ya fito da mai jego daga gida ba. Wasu ƙananan kaya uku ne suka ƙarasa aikin, duk cikin shekara goma. A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, kunzugun da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, aikin wani injiniya mai suna Victor Mills da ya gaji da wankin tsummokaran jikansa. Kafin nan tafiyar kwana uku da jariri na nufin jaka guda ta tsumma mai tsafta, wata jakar ta mai datti. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama ɗan Ingila da ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙin Spitfire, ya ga 'yarsa na fama da ƙaton keken jariri a tafiya, ya ƙera wani da bututun alminiyam mai nauyin kilo uku, da ake naɗewa da hannu ɗaya kamar lema. An fara sayar da shi a 1967.

Na ukun daga Afirka ta Yamma ya fito. Ann Moore, ma'aikaciyar jinyar yara Ba'amurkiya, ta yi aikin sa kai a Togo a farkon shekarun 1960, inda ta ga iyaye mata na kasuwa da noma da girki da 'ya'yansu goye a baya, yaran kuma shiru, ba yawan kuka. Da ta koma gida ta haihu, ta gwada goyo da zane, jaririyar na zamewa, domin ba ta tashi da abin ba. Ita da mahaifiyarta suka zauna suka ɗinka wata jakar goyo mai maɗauri, suka sa mata suna Snugli, aka yi mata rajista a 1969. Mutane kan tsayar da ita a titi suna tambayar inda ta samo. Yau duk wanda ya tsaya a Main Street zai ga maza da mata da jarirai manne a ƙirjinsu, mafi yawansu ba su san cewa zane da majanyin matan Togo ne tushen abin da suke sanye da shi ba. Goyo kuwa ya fi keke amfani a irin wannan wuri, tun da ba a shiga layi da keke, kuma jaririn da ke jikin uwarsa ya fi nisa da hannun baƙi masu son taɓa kumatu.

Shayarwa ce ta daɗe ba ta samu gurbi ba. A farkon shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na jariran Amurka ke fara rayuwa da nonon uwa, sauran madarar gwangwani. Da al'adar shayarwa ta dawo, sai mata suka tarar ana korarsu daga shaguna da wuraren cin abinci, ana ce musu su tafi ban-ɗaki. Sai da majalisu suka sa baki. Fulorida ta yi dokar kare mai shayarwa a bainar jama'a a 1993, Kalifoniya a 1997, kuma sai a 2018 jihohi 50 suka cika. Abin takaici ne a ce uwa sai da takardar majalisa kafin ta ba ɗanta abincinsa a kan benci.

Su ma wasannin sun rabu gida biyu. Da aka buɗe Matterhorn a 1959, jirgin gudu na farko mai layin bututun ƙarfe, aka shiga zamanin lilo masu fizga, aka kafa sandar awo a bakin layi: yaron da bai kai tsayi kaza ba ba ya hawa. A Space Mountain na Kalifoniya, misali, sai ya kai santimita 102. Domin kada iyaye su yi asarar rana, aka ƙirƙiro tsarin karɓa-karɓa, uba ya hau uwa na riƙe da jariri, in ya sauko ita ta shiga ba tare da sake bin dogon layi ba. A gefe guda kuma an bar wasanni masu yawa ba sandar awo, irin su giwar Dumbo mai tashi da kwale-kwalen It's a Small World, wanda aka fara ginawa domin asusun yara na UNICEF a baje kolin New York na 1964, aka kawo shi Anaheim a 1966. Ɗan wata uku na iya hawa waɗannan a cinyar uwarsa. An ma taɓa haihuwa a cikin filin: ranar 4 ga Yulin 1979 naƙuda ta kama wata mata kusa da Main Street, ta haifi 'ya mace, ta farko a tarihin wurin.

Kuɗin shiga a 1955 dala ɗaya ne, kowane wasa da nasa tikitin, tsarin da aka soke a 1982. Yanzu tikitin rana guda mafi araha ya haura dala 100, amma yaron da bai cika shekara uku ba kyauta yake shiga, kamar yadda jiragen sama kan bar wanda bai kai biyu ba ya zauna a cinya. Wannan lissafi na cikin abin da ke sa iyaye gaggawar tafiya tun yaro na ƙarami. Masu suka kan ce ɓarnar kuɗi ce, tun da ba wanda ke tuna abin da ya faru da shi yana ɗan wata shida. Gaskiya ne ba zai tuna ba. Amma tafiyar tun asali ta yayyensa ce da ba za a ce su jira shekara uku ba, kuma ta uwar ce da ta shafe watanni tsakanin gado da kicin. Wannan dalili ne isasshe, ba sai an nemi wani ba.

Nasarar ta zo da nata cunkoso. Kekunan jarirai suka yi ta girma, wasu na yara biyu, wasu kamar amalanke da rumfa da akwatin sanyi, har gaban kowane wasa ya koma tamkar wurin ajiye babura a bakin kasuwa, da ma'aikatan da aikinsu kenan jera su. Daga 1 ga Mayun 2019 kamfanin ya hana shiga da keken da faɗinsa ya wuce santimita 79 ko tsawonsa ya wuce 132, ya haramta masu kama da amalanke baki ɗaya.

Abubuwa biyu ne duk wannan tanadi bai magance ba. Na farko zafi. Bazarar Fulorida na haɗa rana da gumi, jikin jariri kuma bai iya sanyaya kansa kamar na babba ba. Likitocin yara na Amurka na ba da shawarar kada a bar wanda bai kai wata shida ba cikin rana kai tsaye, kada kuma a ba shi ruwa, a yawaita ba shi nono. Yafa mayafi a kan keke domin inuwa na iya toshe iska ya ƙara zafin ciki.

Na biyu cuta. Amurka ta ayyana kawar da ƙyanda a shekarar 2000. Amma tsakanin 17 da 20 ga Disambar 2014 wani mai ɗauke da ita ya ratsa Disneyland cikin cunkoson hutun ƙarshen shekara. Ƙwayar ƙyanda kan yi sa'a biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka shaƙe ta tara za su kamu. Cutar ta kama mutum 147 a jihohi bakwai, ta tsallaka Kanada da Meziko. A cikin marasa lafiya 110 na farko a Kalifoniya, 49 ba su da rigakafi, 12 daga cikinsu jarirai ne da shekarunsu ba su kai na allura ba, domin a Amurka sai an cika wata 12 ake yin ta farko, saɓanin Najeriya da Nijar inda ake yi a wata tara. Iyayen waɗannan jarirai ba su ƙi komai ba. 'Ya'yansu sun dogara ne da rigakafin sauran jama'a, a jihar da a lokacin doka ta bar iyaye su ƙi allura bisa ra'ayin kansu kawai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ba da shawarar a yi wa ɗan wata shida zuwa 11 allura da wuri idan za a fita da shi ƙasar waje, wanda bai kai wata shida ba kuwa babu allurar ƙyanda gare shi.

Iyaye masu jarirai na cikin waɗanda suka cika majalisar jihar a Sacramento suna neman a gyara. Sanata Richard Pan, wanda shi kansa likitan yara ne, da Sanata Ben Allen suka gabatar da ƙudurin soke uzurin ra'ayin kai ga yaran da za su shiga makaranta, aka yi ta zanga-zanga ana adawa da shi, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu ranar 30 ga Yunin 2015. Dokar ta fara aiki a 2016, kuma a shekarar karatu ta farko bayan haka yawan 'yan ajin share fage masu cikakkiyar rigakafi a Kalifoniya ya tashi daga kashi 92.8 zuwa kashi 95.6 cikin ɗari.